"NA'URA CE TA RABA": SHIN WANNAN AMSA TANA SAUKE NAUYI?

 

Ƴan'uwa masu karatu, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata tambaya ce da wani bawan Allah ya kawo mana a nan Matameye bayan sallar isha'i, ya jira sai da jama'a suka watse tukuna. Ma'aikacin jinya ne a wani gidan likita na cikin jihar nan ta Damagaram, ba za mu ambaci sunansa ko sunan wurin ba. Matansa biyu, kuma kamar yadda aka saba a ƙasar nan, kowace tana da kwana biyu. Shekara da shekaru manjo ne ke zama da takarda da biro a ƙarshen kowane wata, ya tsara wanda zai kwana gardi da wanda zai huta, ya liƙa a jikin bango. Sai aka kawo sabon shugaba, matashi mai ilimin zamani, ya zuba sunayen ma'aikata cikin kwamfuta. Ita ce yanzu ke fitar da jadawalin, a ɗauki hotonsa a tura wa kowa ta WhatsApp. Na'urar ta ba mutumin namu dare ɗaya cikin kowane huɗu. To, mai mata biyu da kwana bibbiyu, zagayen gidansa shi ma dare huɗu ne. Saboda haka duk daren da zai kwana wurin aiki sai ya faɗa kan kwanan uwargida. Wata uku ke nan amarya na samun darenta biyu cif, uwargida na samun ɗaya. Gida ya ɗauki zafi. Da ya je ya yi wa shugaban bayani, sai ya juyo masa da fuskar kwamfutar ya ce: "Malam, ba ni na raba ba, na'ura ce ta raba. Duba ka gani, kowa dare bakwai ko takwas ya samu."

Ɓangaren gida bai ba mu wuya ba. Malamanmu na Malikiyya sun ce asalin rabo yini da dare ne ga kowace mace, ƙari a kan haka sai da yardarsu, kuma kwanan da ya wuce ya wuce, ba a rama shi. Muka ba shi shawara ya tara su biyun su amince cewa daren gardi ba na kowa ba ne: lissafin girki ya tsaya a wannan dare, ya ci gaba kashegari daga inda ya tsaya. Ya gwada, Allah Ya sa aka dace. Amma maganar shugaban nan ita ce ta tsaya mana a rai, domin ba ƙarya ya faɗa ba, kuma duk da haka zuciya ba ta natsu da ita ba. Ita muke so mu duba a yau.

KARƁA-KARƁA BA BAƘUWA BA CE

Kada mai karatu ya zaci rabon lokaci tsakanin ma'aikata wani abu ne da Nasara suka zo da shi tare da bariki. Ya zo a cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim cewa mala'iku kansu karɓa-karɓa suke yi a kanmu, akwai na dare akwai na rana, suna haɗuwa a sallar asuba da ta la'asar, sannan waɗanda suka kwana su hau a tambaye su yadda suka baro bayin Allah. Sayyidina Umar (RA) ya ba da labarin cewa shi da wani maƙwabcinsa mutumin Madina suna yin kamu wajen zuwa majalisin Manzon Allah (SAW), yau wannan ya sauka gobe wancan, wanda ya je ya kawo wa ɗan'uwansa abin da ya ji. A kan hanyar Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, raƙuma kimanin 70 ne ga mutane ɗari uku da ƴan kai, sai aka riƙa hawa bi da bi, kuma da abokan hawan Manzon Allah (SAW) suka nemi ɗauke masa nasa rabon na tafiya ƙasa, bai yarda ba, ya nuna musu cewa ba su fi shi ƙarfi ba, shi ma kuma yana bukatar lada kamar su. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin taguwar Annabi Salihu (AS), yadda aka raba ruwan sha, rana ɗaya tata rana ɗaya ta mutanen gari. Daga nan ne malamai suka kafa hujja a kan halaccin raba amfanin abu ta hanyar lokaci, abin da littattafan fiƙihu ke kira muhaya'a.

A garinmu ma haka rayuwa take tafiya. Mata na da kwasar adashi, makiyaya na da ranar kiwo, masu garaken rake na da lokacin ban ruwa, masallatai na da liman da na'ibi da ladanai. Jandarmomi da ma'aikatan duwan da ke iyakar Dan Barto ba sa rufe ido duka a lokaci guda. Matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 arewa da birnin Damagaram da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, irin masana'antar da wutarta ba ta mutuwa ce, dole wasu su yi dare wasu su yi rana. Duk inda aka ce aiki ba ya tsayawa, to akwai wani mutum da ke riƙe da alƙalamin rabo, kuma abin da yake rabawa barcin mutane ne, da Juma'arsu, da daren Sallarsu, da zamansu cikin iyali. Allah Ya ambaci dare a Suratun Naba'i da Suratul Ƙasas a matsayin sutura da hutu, ni'ima daga ni'imominSa. Likitoci ma sun isa ga wani ɓangare na wannan: hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sanya aikin dare mai rikita barci cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wannan ciwo, a 2007, ta kuma sake tabbatar da hakan a 2019. Ashe mai rabon gardi wani abu mai nauyi yake ɗora wa mutane, ko ya sani ko bai sani ba.

Adalci ya sa mu faɗi abin da wasu tsofaffin ma'aikata ba za su so ji ba. Takardar manjo ba koyaushe take da tsarki ba. Wanda duk ya zauna da ma'aikata ya ji koke-kokensu ya san yadda daren Salla ke faɗawa kan sabon zuwa da ɗan kwantiragi shekara bayan shekara, yadda ɗan garinsu ko mai kai gaisuwa gida ke samun Lahadi, yadda ake horon wanda ya yi gardama da dare uku a jere ba tare da an ce horo ne ba. Wani lokaci ma ba mugunta ba ce, gazawar ɗan Adam ce. Idan ma'aikata goma ne, dare talatin, kuma mutum ɗaya ake so kowane dare, adadin hanyoyin da za a iya jera su shi ne ɗaya da sifili talatin a bayansa. Babu manjon da zai iya auna waɗannan duka da biro. Yakan ɗauki wadda ta fara zuwa masa, kuma wadda ke fara zuwa sau da yawa ita ce wadda zuciya ta riga ta karkata gare ta. Na'ura ba ta da ɗan gari, ba ta cin goro, ba ta manta wanda ya kwana gardi a Sallar bara. Wanda ya ce amfani da ita haramun ne ko bidi'a, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai. Mutumin da ya kawo mana tambaya, da kansa ya shaida cewa tun da aka kawo ta babu wanda ya sake yin dare uku a jere.

SHIN ƘURI'A CE?

Da muka tattauna da wasu ɗalibai a zaure, ɗaya daga cikinsu, mai kaifin hankali, ya ce ai na'ura kamar ƙuri'a ce, ƙuri'a kuwa shari'a ta yarda da ita. Ya kawo jefa alƙaluma a kan wanda zai reni Nana Maryam a Suratu Ali Imrana, da ƙuri'ar da ta faɗa kan Annabi Yunusa (AS) a cikin jirgi, da yadda Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, kamar yadda Nana A'isha (RA) ta ruwaito. Ya ce hikimar ƙuri'a ita ce a cire hannun mutum daga rabo domin zukata su huta. To, ga shi na'ura ta cire hannun mutum, me kuma ake nema?

Wannan ƙiyasi yana da kyau a ido, amma ya karye ta wuri biyu.

Na farko, Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 684 bayan hijira, ya yi wa ƙuri'a iyaka a littafinsa Al-Furuƙ. Abin da ya bayyana shi ne, muhallin ƙuri'a shi ne inda haƙƙoƙi suka yi daidai wa daida aka rasa abin da zai rinjayar da wani, sai a yi ta don kawar da ƙulli da gaba. Amma inda haƙƙi ko maslaha ta bayyana a ɓangare guda, ƙuri'a ba ta halatta, domin yin ta zubar da haƙƙin da aka riga aka sani ne. Mai Risala ma ya ce rabon ƙuri'a ba ya yiwuwa sai cikin jinsi guda. Ba a haɗa gona da raƙumi a ce a jefa. To, shin darare jinsi guda ne? A lissafin na'ura dare dare ne, bakwai daidai take da bakwai. Amma daren 27 ga Ramadan ba daidai yake da wani dare na watan Safar ba. Daren damina da zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin yara har ana kwantar da biyu a gado ɗaya ba daidai yake da daren rani ba. Daren da aka ɗauke daga hannun tuzuru ba daidai yake da wanda aka ɗauke daga hannun mai shayarwa ba, alhali Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Kafin a ce an raba daidai, dole wani mai ido ya fara duba ko abin da ake rabawa da waɗanda ake raba wa sun yi daidai. Wannan dubawa kuwa aikin mutum ne.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci: ba gaskiya ba ne cewa an cire hannun mutum. Tsinken ƙuri'a ba shi da manufa. Na'urar jadawali tana da manufa, kuma wani ne ya sa mata. Ga yadda abin yake, a taƙaice. Ana ba ta sharuɗɗa iri biyu: waɗanda ba ta da ikon ƙetarewa, kamar a ce dole a samu ungozoma ɗaya kowane dare, da waɗanda ake so ta kiyaye idan hali ya yi, kamar a ce wane ya roƙi hutun Juma'a. Ɗalibin fiƙihu zai gane wannan nan take, farilla ce da mustahabbi. Sannan kowane mustahabbi ana ba shi nauyi da lamba, wannan goma wancan biyu, a ce mata ta nemo jerin da ya fi ƙarancin asara. Tun 1954 wani masanin lissafi na Amurka, George Dantzig, ya nuna yadda za a warware irin wannan da lissafi, a kan ma'aikatan da ke karɓar kuɗin hanya a Niyok. To, wa ya yanke cewa rage kuɗin albashi farilla ne, barcin ma'aikaci mustahabbi? Wa ya ba Juma'a biyu ya ba wani abu goma? Wa ya ƙi buɗe gurbin da za a rubuta cewa wance tana goyo? Wanda ya yi wannan shi ne mai rabo. Ayyuka suna tare da niyya, na'ura kuwa ba ta da niyya sai wadda aka ɗura mata, kamar yadda alƙalami ba ya rubuta sai abin da ke ran mai riƙe da shi. Ba mu taɓa jin alƙalin da ya yanke hukunci sannan ya ce a tambayi tawada ba.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hanya sun nuna mana inda take kaiwa idan riba kaɗai aka ɗura. A Amurka manyan shaguna da gidajen abinci sun daɗe suna amfani da na'urorin da ke hasashen yawan masu saye sa'a bayan sa'a, su kira ma'aikaci lokacin cunkoso, su sallame shi da zarar kasuwa ta yi sanyi. A watan Agusta na 2014 jaridar New York Times ta buga labarin wata matashiya mai ɗa guda da ke aiki a kamfanin sayar da gahawa na Starbucks: jadawalinta yakan zo mata saura ƴan kwanaki, har an taɓa sa ta rufe shago ƙarfe 11 na dare ta dawo ta buɗe ƙarfe 4 na asuba. Ba ta iya tsara renon ɗanta, ba ta iya ci gaba da karatu. Babu wani mugun shugaba da ya zauna ya ƙulla mata wannan; lissafi ne ya ga gurbi ya cike. Amma abin lura, da labarin ya fita aka yi ca, kamfanin ya sanar cikin gaggawa cewa zai hana irin wannan rufe-da-buɗe, zai kuma riƙa liƙa jadawali aƙalla mako guda kafin lokaci. Na'urar ba ta tuba ba. Mutanen da ke bayanta ne suka ji kunya suka canza abin da suka ɗura mata, wanda ke nuna tun farko suna da ikon yin hakan.

Daga baya hukumomi suka shiga. Birnin San Faransisko ya yi doka a 2014, birnin Siyatil ya bi a 2016 da sharaɗin a sanar da ma'aikaci jadawalinsa kwana 14 kafin lokaci, a kuma ba shi hutun sa'a 10 tsakanin rufewa da buɗewa ko a ƙara masa kuɗi. Jihar Oregon ta yi tata a 2017. Kuma da wasu malaman jami'a suka gwada tsayayyen jadawali a shaguna 28 na kamfanin tufafi na Gap tsakanin 2015 da 2016, sai ciniki ya ƙaru da kashi 7 cikin ɗari a shagunan da aka sauƙaƙa wa ma'aikata. Ba mu kawo wannan don mu ce a yi adalci saboda yana kawo riba ba. Adalci wajibi ne ko da asara zai jawo. Mun kawo shi ne don mai cewa "aiki ba zai tafi ba" ya san an gwada kuma ya tafi.

Mu kam, da muka karanta waɗannan dokoki, sai muka tuna babin ijara. Malamanmu sun sharɗanta cewa ƙwadago ba ya inganta sai an san lada an kuma san wa'adi ko aikin, domin jahilci a cikin ƙulla yarjejeniya garari ne. Dubi yadda dattijon Madyana ya yi da Annabi Musa (AS) a Suratul Ƙasas: ya faɗi shekarun a fili, takwas, idan ya cika goma daga gare shi ne, ya kuma bayyana cewa ba ya nufin tsananta masa. Dokar aiki ta ƙasarmu ta 2012 ta ƙayyade sa'a 40 a mako da hutun yini guda cikakke. Amma yawan sa'o'i abu ɗaya ne, sanin yaushe za su zo wani abu ne daban. Wanda ya sayi sa'a 40 na mutum amma ya ƙi gaya masa waɗanne ne sai daren ranar, a haƙiƙa ya riƙe makonsa duka ya biya kuɗin 40: ba ya iya zuwa gona, ba ya iya yi wa mahaifiyarsa alkawarin kai ta asibiti, ba ya iya zama gaban malami da littafi. A nan na'ura na iya zama rahama, domin tana iya fitar da jadawalin wata uku cikin ƙiftawar ido; tana kuma iya zama azaba, domin sauƙin canzawa yakan sa shugaba ya riƙa canzawa kullum, saƙo ya shigo waya ƙarfe goma na dare.

Haka batun Juma'a. Mukhtasar ya lissafa jinyar majinyaci cikin uzurorin barin Juma'a, saboda haka ma'aikacin da gardi ya riƙe a gefen mara lafiya babu laifi a kansa, yana ma cikin lada. Amma sauke laifi daga kansa bai ba mai rabo izinin tara masa Juma'a huɗu a jere ba alhali akwai wasu da za su karɓe shi. Na'urar da aka ƙera a ƙasar da Lahadi ce ranar ibada ba za ta san wannan ba sai an gaya mata, kuma rashin gaya mata sakacin wanda ya kawo ta ne.

SABON SHAMAKI

Abin da ya fi ba mu tsoro a cikin maganar shugaban nan shi ne juyo da fuskar kwamfuta da ya yi. Mutum ya zo da kuka, an nuna masa gilashi. Shaihu Magili, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi ta maimaita gargaɗi a kan shugaba ya ɓuya wa talakawansa, ya ɗauki hakan tushen kowace musiba. A zamaninsa shamakin dogarai ne da zaure bayan zaure. Namu shamakin ya fi nasu kauri, domin dogari ana iya roƙonsa, wata rana ya ji tausayi.

Ku dubi Sayyidina Umar (RA). Yana zagayen dare a Madina ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da ke wurin yaƙi. Babu wata doka da aka karya. Sunan mijin yana cikin rajista, rabonsa ne ya zo. Amma Umar bai ce rajista ce ta raba ba. Ya je ya tambayi ƴarsa Nana Hafsa (RA) iya tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin mijinta, sannan ya yanke wa'adin da ba za a riƙe soja fiye da shi ba, wata huɗu a wata ruwaya, shida a wata. Ya gyara jadawalin rundunar Musulunci saboda muryar mace ɗaya da ya ji ta bayan katanga. Uwargidan mutumin namu irin wannan murya ce. Sunanta ba ya cikin kwamfuta, ba ma'aikaciya ba ce, amma daga rabonta aka yanka.

Kuma shari'a ta bar ƙofar musanya a buɗe. Nana Saudatu (RA) ta ba Nana A'isha (RA) kwananta da yardar ranta, aka karɓa. Manzon Allah (SAW) kansa, a ciwonsa na ƙarshe, sai da ya nemi izinin matansa kafin a yi jinyarsa a ɗaki guda. A yaƙin Zatur Riƙa'i sahabbai biyu da aka sa gadi su suka daidaita tsakaninsu wanda zai ɗauki farkon dare da wanda zai ɗauki ƙarshensa. Haƙƙin mutum ne ya bayar da rabonsa ko ya musanya da ɗan'uwansa idan aiki ba zai cutu ba, kuma ta wannan hanya ce zumunci ke shiga tsakanin ma'aikata: yau na karɓe ka ranar sunan ɗanka, gobe ka karɓe ni ranar jana'izar kawuna. Tsarin da ya rufe wannan ƙofa da sunan tsari ya ƙuntata abin da Allah Ya yalwata.

Akwai kuma ranar da na'urar za ta yi shiru. A watan Disamba na 2021 ɓarayin intanet suka kulle rumbun kamfanin Kronos, wanda asibitoci da ma'aikatu masu yawa a Amurka ke dogara da shi wajen jadawali da lissafin albashi; aka yi makonni ana komawa takarda da biro, wasu ma'aikata suka karɓi albashin da bai cika ba. Idan haka ta faru a can, ina ga mu da wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama? Wurin da ya bar tsohon manjo ya tafi da saninsa na wane da wance, ba a koya wa kowa ba, ranar nan zai gane abin da ya yi asara.

Saboda haka abin da muke gani, kuma muke faɗa wa duk ɗan'uwa da Allah Ya ɗora wa rabon aiki, a likita yake ko a masana'anta ko a kamfanin masu gadi, shi ne ya yi amfani da na'urar, amma ya sa hannunsa da sunansa a ƙarƙashin abin da ta fitar bayan ya karanta shi layi-layi, kamar yadda yake sa hannu a takardar kuɗi. Ya tara ma'aikata ya karanta musu sharuɗɗan da ya ɗura, su san abin da aka mai da farilla da abin da aka mai da mustahabbi, su faɗi nasu. Idan shi ma yana cikin masu kwana, kada sunansa ya ɓace daga daren Salla. Hadisin Abu Zarri (RA) ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, idan kuwa an ɗora to a taya shi. Na'ura tana iya ɗorawa, tayawar kuwa sai mai hannu.

Mun sami ganin shugaban nan daga baya, a wurin wani ɗaurin aure. Yaro ne mai ladabi, kuma ya faɗa mana dalilinsa: ya ga yadda son kai ya raba kan ma'aikata kafin zuwansa, ya yi alkawari ba zai taɓa jadawali da hannunsa ba don kada a ce ya fifita wani. Muka ce masa: "Ɗana, niyyarka mai kyau ce, amma tsoron zargi ya sa ka ajiye abin da aka ɗauke ka dominsa. Idan ka matsar da daren wane da kwana ɗaya, ka faɗi dalili a gaban kowa, ka kuma yi wa duk mai irin uzurinsa haka, wa zai zarge ka?" Ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, ai akwai gurbin da ake rubuta irin wannan a ciki, ban dai taɓa buɗe shi ba."

Da muka dawo gida muka ɗauko takardar masallacinmu, wadda mu da kanmu muke rubutawa da hannu, babu kwamfuta babu komai. Ladanai uku ne. Muka bi ta wata-wata, sai muka tarar kiran assalatu na watannin ɗari, shekara uku a jere, yana kan dattijon cikinsu, mai tari, wanda gidansa ya fi nisa, don kawai shi ne bai taɓa cewa a'a ba. Mun kira sauran biyun ranar Alhamis bayan la'asar.

Allah ne Mafi sani.